Wasiyyoyi Biyu Na Annabi Yakubu Ga Fatake

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya hore ta ga matafiya, Ya rarraba arziki a cikin garuruwa domin bayinSa su bukaci juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, amintaccen falke tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi hanyarsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya zauna da 'yan kasuwar da ke fita ƙasashen waje sarin kaya, ko a Kantin Kwari ne ko a Sabon Gari ko a wajen 'yan canji na Wapa, ya san irin damuwar da ta sauka a zukatansu a 'yan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 aka rufe kan iyakokin Nijeriya na tudu, ba a buɗe ba sai a Disamba na 2020. A cikin wannan tsakani annobar korona ta zo, jiragen sama suka tsaya, ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin baƙi daga Maris na 2020, ba ta koma ba da biza yadda aka saba ba sai a Maris na 2023. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a 2022, hanyar Dubai ba ta buɗe ba sai a Yuli na 2024. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Watau mutumin da jarinsa ke cika kwantena uku ya wayi gari da ƙyar yake cika ɗaya, alhali bai yi caca ba, ba a kuma yi masa sata ba.

Irin wannan hali yakan jefa mutane cikin ɗayan ramuka biyu. Wani ya yanke ƙauna, ya naɗe hannu, ya ce kasuwa ta mutu, ya shiga cin uwar kuɗi har ta ƙare. Wani kuma ya rufe ido ya ce Allah na nan, ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, ya hau jirgi ba lissafi, ya kira wannan tawakkali. Dukkansu biyu sun kauce. Hanyar da ke tsakani kuwa Alƙur'ani Mai girma ya bayyana ta a cikin Suratu Yusuf, ta bakin wani dattijo da ya tura 'ya'yansa fatauci wata ƙasa a shekarun fari, shi ne Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Mai karatu ya san ƙissar. Shekaru bakwai na yalwa suka wuce, bakwai na tsanani suka shigo, yunwa ta game Masar da ƙasashen da ke kewaye da ita. Babu inda ake samun hatsi sai a rumbunan da Annabi Yusufu ya tanada. 'Ya'yan Yakubu suka ɗauki hajarsu daga ƙasar Kan'ana suka nufi Masar domin su musanya ta da abinci. Wannan tafiya ce ta ciniki zuwa ƙasar waje a lokacin da ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar. A cikin tafiye-tafiyen nan nasu mahaifinsu ya yi musu wasiyya sau biyu, kuma duk falken da ya riƙe biyun nan tare ya tsira daga ramukan da aka ambata.

Wasiyya ta farko tana cikin aya ta 67. Da za su koma Masar karo na biyu tare da ƙanensu Binyaminu, sai ya umarce su da kada su shiga birnin ta ƙofa guda, su rarrabu su shiga ta ƙofofi dabam-dabam. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce tsoron kambun baka ne ya sa, domin samari ne masu kyau da kwarjini, 'ya'yan mutum ɗaya. Kafin wannan ma, bai sakar musu yaron ba sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga gare su da sunan Allah. Amma a cikin ayar dai ya sanar da su cewa dabarar tasa ba za ta tunkuɗe musu komai daga abin da Allah Ya hukunta ba, kuma ga Allah shi ya dogara. Aya ta gaba ta siffanta shi da cewa ma'abocin ilmi ne saboda abin da Allah Ya sanar da shi. Ashe yin shiri da ɗaukar mataki yana daga cikin ilmin annabawa, kuma ba ya rage wa tawakkali komai. Wannan shi ne abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koya wa mutumin nan da ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ya ce masa ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

To, mene ne ƙofofi dabam-dabam ga ɗan kasuwar da zai tafi Gwanzu ko Dubai ko Santambul ko Kwatano a wannan zamani? Na farko shi ne kada ya tattara dukan abin da ya mallaka ya zuba a tafiya guda, ko haja guda, ko hannun mutum guda. Wanda ya sayar da gidan da iyalinsa ke ciki domin ya ƙara jari, yana zaton dala za ta ci gaba da tashi, ya shiga ta ƙofa ɗaya. Ya bar wa gida abin da zai riƙe su har ya dawo, domin ciyar da iyali wajibi ne, faɗaɗa kasuwa kuwa halal ne kawai, ba a kuwa tozarta wajibi saboda halal.

Na biyu shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma wadda ke biye da ita ta yi maganar matafiyin da bai sami marubuci ba, ta nuna masa karɓar jingina. Yawancin masu fita sari da kuɗin mutane suke tafiya: na 'yan'uwa, na maƙwabta, na matan aure da suka tara ta hanyar adashi. Lalle ne tun kafin a tashi a fayyace, wannan kuɗi bashi ne ko kuwa ƙiradi ne, watau jarin da aka ba mutum ya juya a raba riba. Hukuncinsu ya bambanta ƙwarai. Bashi dole a biya shi ko an ci riba ko an faɗi. A ƙiradi kuwa, idan hasara ta auku ba da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta, shi kuma mai juyawa ya yi hasarar wahalarsa. Haka nan a rubuta da wane kuɗi aka ƙulla, naira ko dala. Zumunci da yawa ya lalace tun daga 2023 saboda wanda ya ba da rance yana cewa a biya shi da darajar dala, wanda ya karɓa yana cewa naira ya karɓa. Majalisar malaman fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a taronta na Kuwaiti a 1988, ta yanke cewa bashin da aka ƙulla da wani kuɗi ana biyansa da irinsa da adadinsa, ba a ɗaura shi a kan hawa da saukar farashi. Da an rubuta tun farko, da ba a kai ga alƙali ba.

Na uku shi ne wasiyya. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Mutumin da zai ƙetare teku da amanar jama'a ya fi kowa bukatar wannan. Sau nawa falke ya rasu a ƙasar mutane, magada ba su san wanda yake bi ba, ba su san wanda ke binsa ba, kaya suka maƙale a tashar jiragen ruwa, marayu suka tashi a tutar babu.

Na huɗu shi ne sanin dokar ƙasar da za a shiga da kiyaye ta. Wanda aka ba biza ya shiga da amana, kuma Musulmi ba ya yaudarar wanda ya amince masa. Kada ya wuce kwanakin da aka ɗibar masa, kada ya yi wa kwastan ƙarya, kada kuma ya karɓi saƙon da bai san abin da ke cikinsa ba, ko daga hannun wa ya fito. Akwai ƙasashe, Sa'udiyya da Sin suna cikinsu, da hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yake kaiwa ga kisa. Lokacin tsanani shi ne lokacin da masu wannan mugun aiki suke farautar mutanen kirki da jarinsu ya karye, suna yi musu romon baka da cewa tafiya ɗaya za ta mayar da su yadda suke. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan ita ce wasiyya ta farko. Amma duk da shirin da Annabi Yakubu ya yi, abin da yake gudu ya auku. Aka riƙe Binyaminu a Masar, babban ɗansa ya ƙi dawowa don kunya, idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, yunwa kuma ba ta sassauta ba. Ya rasa 'ya'ya uku, ya rasa gani, abin hannu ya ƙare. A nan ne ya yi wasiyya ta biyu, a aya ta 87. Ya umarci sauran 'ya'yan su sake komawa su nemi labarin Yusufu da ɗan'uwansa, ya hana su yanke ƙauna daga rahamar Allah, ya kuma gaya musu cewa yanke ƙauna halin kafirai ne. Abin lura, bai ce su zauna su jira ba. Umarni da tafiya ya zo tare da hani ga yanke ƙauna, a cikin numfashi guda. Suka koma karo na uku da 'yar haja maras daraja, wadda su da kansu suka san ba ta kai a karɓa ba, suna roƙon a cika musu mudu a yi musu alfarma. A wannan tafiya, wadda jarinta ya fi na sauran ƙanƙanta, Yusufu ya bayyana musu kansa, tsananin ya yaye. Ɗan kasuwar da yake jin kunyar fita da ƙaramin jari bayan an san shi da babba, ya tsaya ya dubi wannan.

Kyautata zato ga Allah ibada ce ta zuciya, kuma Manzon Allah ya kasance yana son kyakkyawar kalma da ake fata nagari da ita, yana ƙin camfi da shu'umci. A ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, an tare Musulmi an hana su shiga Makka, al'amari ya yi tsamari. Da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu ɗan Amru, sai Annabi ya ɗauki ma'anar sunansa, wadda ta fito daga sauƙi, ya yi wa sahabbai albishir da cewa lamarinsu ya sauƙaƙa. Saboda haka bai dace da Musulmi ba ya mayar da bakinsa kakakin baƙin labari, kullum ƙasa ta lalace, kullum an gama da talaka. Irin wannan magana tana kashe zuciyar yaran shago da masu tasowa. Faɗin gaskiya a kan tsada da yi wa shugabanni nasiha abu ne mai kyau, amma ya bambanta da yaɗa ɗebe tsammani.

Ko tsoron karyewar kasuwa ma, Alƙur'ani ya ambace shi da sunansa. A shekara ta 9 bayan hijira aka hana mushirikai kusantar Masallaci Mai alfarma. Mutanen Makka kuwa rayuwarsu a kan baƙin da ke zuwa da abinci da haja take, gari ne da ba ya noma, kamar yadda Suratu Ƙuraishi ta tuna musu ni'imar tafiyarsu ta hunturu zuwa Yaman da ta bazara zuwa Sham. Sai suka ji tsoron talauci. Aya ta 28 a Suratut Tauba ta amsa musu cewa idan talauci suke tsoro, Allah zai wadata su daga falalarSa in Ya so. Malaman tafsiri sun ambata cewa mutanen wasu yankuna sun musulunta suka riƙa kawo abinci Makka, ba a daɗe ba kuma garuruwa suka buɗe ga Musulmi. Ƙofar da suka saba da ita ta rufe, arzikin ya zo ta wadda ba su lissafa ba. Sai dai a lura da sharaɗin da ayar ta zo da shi, watau in Ya so. Bawa yana fata, amma ba ya gindaya wa Ubangijinsa lokaci ko adadi.

Tarihin fataucin ƙasar Hausa shi ma shaida ne. Shekaru aru-aru ayari yana tashi daga Kano da Sakkwato da Katsina, madugu a gaba, a yi watanni a hanya zuwa Gwanja sarin goro, a kai kanwa da tufafi da fatu. Babbar kasuwar wannan ciniki ita ce Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa ta, fatake suka watse. Cinikin bai mutu ba, ya koma Kete Karaci da Kintampo da Kumasi, zangunan Hausawa suka kafu a can. Da jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka kashe hanyar jakuna, wasu sun zauna suna kukan zamanin da ya wuce. Alhasan Ɗantata kuwa yana cikin waɗanda suka riƙa ɗauko goro ta teku zuwa Ikko, daga baya da reluwe ta iso Kano ya shiga cinikin gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙin da ba su da takardu, mutane da yawa suka dawo da abin da kansu zai iya ɗauka kawai. A 1986 aka karya darajar naira, aka ce sarin waje ya ƙare. Bayan kowanne daga cikin waɗannan an ci gaba da saye da sayarwa. Waɗanda suka tashi su ne waɗanda suka canza hanya ba su canza hali ba.

Domin jarin falke na gaskiya shi ne amanarsa. Nana Hadiza ta zaɓi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kai dukiyarta Sham tare da yaronta Maisara yana da shekara 25, saboda abin da ta ji na gaskiyarsa. Abdurrahmani ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Buhari kuma ya kawo labarin wani mutum daga Bani Isra'ila da ya ranci dinari dubu, ba shi da shaida ba shi da lamuni sai Allah, ya ƙetare teku. Da lokacin biya ya yi bai sami jirgi ba, sai ya fafe itace ya zuba kuɗin da takarda ya jefa a ruwa, ya ba Allah ajiya. Itacen ya isa hannun mai bashi. Duk da haka da ya sami jirgi sai ya sake ɗaukar wasu dubu ya kai da kansa, domin bai tabbata na farko sun isa ba. Faɗuwar naira ba ta taɓa irin wannan jari. Wanda ya faɗi da sunansa mai kyau, 'yan'uwansa za su ba shi kaya ya tashi. Wanda ya cuci mutane don ya tsira da dukiyarsa kuwa, ko ya tsira da ita ya rufe wa kansa kasuwa.

Sa'an nan kada tafiya ta raba mutum da addininsa, domin fata ga Allah tare da saɓa maSa ruɗin kai ne. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabar Maliku, wanda ya nufi tafiyar mil 48, watau wajen kilomita 80, zai yi ƙasaru, ya sallaci Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu tun daga inda ya wuce gidajen garinsu. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika. Ya binciki alƙibla a masaukinsa, ya binciki abin da zai ci, ya kiyaye idonsa da farjinsa a inda ba wanda ya san shi, domin Wanda Yake roƙo arziki a wurinSa Yana ganinsa a can kamar yadda Yake ganinsa a gida. Ya yi istihara kafin ya tashi. Idan ya gama abin da ya kai shi ya gaggauta komawa ga iyalinsa, kamar yadda Annabi ya yi umarni a hadisin da ya siffanta tafiya da cewa yanki ce ta azaba.

Haka kuma idan Allah Ya dawo da shi lafiya, ya tuna cewa tsananin da ya taɓa shi ya fi taɓa mai sayen yadi biyar na sallar 'ya'yansa. Kada ya ɓoye kayan masarufi yana jiran su yi tsada, kada ya sayar da jabu da sunan na ainihi, kada ya hana zakka da hujjar cewa kasuwa ba daɗi alhali dukiyarsa ta kai nisabi ta kuma shekara. Wanda yake fatan Allah Ya sassauta masa, ya sassauta wa wanda yake bi bashi.

Ba kowane ɗan kasuwa ne zai mayar da abin da ya rasa ba, kuma addini bai yi wa kowa wannan alkawari ba. Wani za a yalwata masa, wani za a ƙuntata masa har ƙarshen rayuwarsa, kowanne jarrabawa ce. Abin da aka yi alkawari shi ne rai ba zai mutu ba sai ya cika arzikin da aka rubuta masa, kuma wanda ya nema ta halal ya yi haƙuri ba zai yi hasarar lada ba. Annabi ya buga misali da tsuntsaye, suna sammako da yunwa suna komowa da yamma a ƙoshe. Ba su da rumbu, amma ba sa yini a sheƙa. Falke ya yi lissafinsa, ya rubuta bashinsa, ya bar wa gida abinci, ya rarraba ƙofofinsa, sa'an nan ya ɗauki jakarsa ya fita da abin da ya samu, komai ƙanƙantarsa, yana kyautata zato ga Ubangijinsa.

Allah Ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa da sama, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Ya sanya albarka a cikin kasuwanni, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sauƙaƙa wa talakawa abin da za su ci, Ya shiryi shugabanni ga abin da zai amfani jama'a. Amin.